Wa zai ajiye mana irin kaɗanya da madobiya?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida domin mu yi magana a kan wani fanni da ɗalibai ke shiga da ɓacin rai. Duk shekara idan sunayen waɗanda aka ba gurbin shiga jami'a suka fito, yaron da ya nemi likitanci aka ba shi nazarin tsirrai ko aikin lambu sai ka gan shi kamar an yi masa rasuwa. Muna so shi da iyayensa su san abin da ke cikin aikin, sannan hukumomin jami'o'i su ji inda gizo ke saƙar.

Hanyar ba ta da wani sirri. Digirin tsirrai shekara 4 ne, na noma shekara 5, sai bautar ƙasa, sai digiri na biyu, sai na digirgir, wanda in babu shi da wuya malami ya yi nisa a jami'a. Wuraren aiki kuwa akwai su: cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT da aka kafa a Ibadan a 1975 mai reshe a Bagauda, ma'ajiyar iri ta ƙasa NACGRAB, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa IITA wadda ke riƙe da samfurin wake sama da 15,000, cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero, da cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT a Sadore kusa da Yamai. Amma takardar shaida ƙofa kawai take buɗewa. Abin da ke zaunar da mutum a ciki shi ne aikin hannu, kuma tushensa iya ajiye iri.

Idan za a ɗebi irin tsiron daji, ba daga bishiya ɗaya mai kyan gani ake ɗiba ba. Ana bin aƙalla tushe 50 masu tazara da juna, kuma ba a kwashe fiye da kashi 20 cikin 100 na irin da ya nuna a ranar, don daji ma yana da haƙƙinsa. A zuba a jakar yadi ko ta takarda. Leda tana sa shi gumi ya yi fumfuna kafin a iso gida. Nan take a rubuta wuri, rana, lambar samfuri da sunan da mutanen garin ke kiransa, a kuma danne reshe mai ganye da fure a tsakanin jaridu, ana sauya jaridun kullum har ya bushe. Wannan busasshen reshen shi ne shaidar da za a koma wa idan aka yi gardamar suna. Iri marar takarda, komai kyansa, ya zama tsaba.

Sai busarwa, inda aka fi yin ɓarna. Mutane na baza iri a kan kwano cikin rana tsaka, zafi ya kashe ƙwayar. A inuwa ake yi, har danshin cikinsa ya sauko zuwa kashi 3 zuwa 7 cikin 100. Akwai tsohuwar ƙa'ida da duk ɗalibi ya kamata ya haddace: rage danshi da kashi 1 yana ninka tsawon ran iri, rage zafi da digiri 5 ma yana ninka shi. Mu a Arewa Allah ya ba mu hunturu kyauta. Iskar Disamba zuwa Fabrairu takan bushe har ta kusa kai abin da Turawa ke sayen inji su samu. Wanda ya busar a lokacin, ya ƙarasa da ƙwayoyin silika masu tsotse danshi daidai nauyin irin a cikin kwalba mai murfin roba, ya gama rabin aiki. Ajiyar dogon zango tana son firiza mai digiri 18 ƙasa da sifili, irin sanyin da ake riƙewa a rumbun ajiyar iri na duniya da ke Svalbard a Norway tun 2008. Kowa na kuka da ɗauke wuta, amma irin da ya bushe aka rufe shi ruf yana jure kwana biyu babu lantarki. Abin da ke kashe shi murfi ne mai yoyo, ko gaggawar buɗe kwalba tana fitowa daga sanyi, raɓa ta sauka a kai. A bar ta ta huce tukuna. Kuma lokaci-lokaci a shuka ƙwaya 100 a kan jiƙaƙƙiyar takarda a ƙirga. In tsiron ya faɗi ƙasa da kashi 85 na yadda yake da farko, lokacin sabunta shi a gona ya yi.

Ba kowane iri ne ke yarda da wannan ba. Kuka da ɗorawa suna ajiyuwa, sai dai ɓawonsu na da tauri, sai an kankare ko an jiƙa a ruwan zafi kafin su tsiro. Kaɗanya kuwa, kamar mangwaro, busar da ita kashe ta ne. Cikin 'yan makonni ƙwallon ke mutuwa, dole a shuka shi ɗanye, kuma saiwarta mai zurfi ba ta son ƙaramar leda. Ajiyarta ita ce gona mai shinge da mai gadi, ga shi takan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya in ba aure aka yi mata da reshen wata kaɗanya mai 'ya'ya ba.

To, a nan ne kukanmu yake. Ana auna malami da yawan maƙalun da ya wallafa, ana duba shi kusan duk bayan shekara 3. Wane matashi ne zai ɗora rayuwarsa a kan bishiyar da ba za ta ba shi sakamako ba sai ya yi furfura? Sai kowa ya koma gwajin taki a kan alayyafo na mako 6, a tukwane 12, kaka ɗaya, a kai wa mujallar da ke karɓar kuɗi ta buga ba tare da tantancewa ba. A gefe guda an yi ta sare madobiya ana lodawa zuwa Sin, har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu a duniya a 2016. Nawa ne cikin sassan jami'o'inmu suka tara irinta daga dazuzzukan Taraba kafin manyan su ƙare?

Haka abin yake a lambu. Tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016. Tana shiga cikin tsokar ganye, feshi ba ya isa gare ta, kuma maimaita magani iri ɗaya yana sa ta saba da shi. Tarko mai ƙamshin da ke jan ƙwaron, guda 2 zuwa 4 a hekta, yana nuna isowarta da wuri, in ana sauya ƙamshin duk mako 4 zuwa 6. Amma sanin watan da take tashi a Kadawa yana buƙatar wanda zai yi ta ƙirga abin da tarko ya kama shekara da shekaru, kuma wannan ƙirgar ba ta kai kowa kujerar farfesa.

Buƙatunmu ba su da tsada. Kwamitocin ƙarin girma su ba da maki ga samfurin da aka tara, aka rubuta, aka kai kwafinsa NACGRAB, kamar yadda suke ba maƙala. Hukumar tallafa wa manyan makarantu ta TETFund ta ware tallafin da ya wuce shekara 2 don binciken bishiyoyi. Kowane sashe ya samu firiza mai aiki da hasken rana da ma'aikaci ɗaya da ba a sauya masa wuri. Ɗaliban digiri na biyu kuma a riƙa tura su Maraɗi su ga sassaben zamani, inda manoma suka raya gawo da sauran itatuwa daga tsofaffin kututture a miliyoyin hektoci tun daga shekarun 1980, su koyi yadda ake zaɓar reshen da za a bari da wanda za a datse.

Mun gode da ba mu wannan fili.

Naku,
Wasu malaman tsirrai da aikin lambu,
daga Kano da Zariya.