Ba yaran bes kaɗai ke shan ƙwaya ba

Malam Edita, assalamu alaikum, barka da aiki, ya ƙoƙari. Dan Allah ka ban ɗan fili a shafinku, akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai.

Duk sanda aka tada zancen ƙwayar tramol (tramadol, maganin kashe ciwo) a Zango, a huɗuba ne ko a rediyo, hoto ɗaya ne ke zuwa kan kowa: yaron bes, wato majalisar da samari ke zama a unguwa, ido jawur, baida aikin yi, ko mai tuƙa pragya, keke mai ƙafa uku, da ke so ya kai dare bai gaji ba. Gaskiya ne suna sha, muna ganinsu a Aboabo da Asawase kullum. Amma wallahi akwai wasu masu shan da ba wanda ke kallonsu, masu kwat da taye, masu mota da ofis mai sanyi, waɗanda in an zo walima su ake ba kujerar gaba. Na san haka ne saboda ɗaya daga cikinsu ƙanina ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Shine na farko a gidanmu da ya je jami'ar Legon, ya zama akanta a wani babban kamfani a Accra, ba sai na faɗi suna ba. Tun yana yaro in ya zauna alwala sai an kusa idar da salla bai tashi ba, ya wanke hannu ya sake, ya ce bai tabbata ruwa ya kai gwiwar hannu ba, buta biyu bata isarsa. Mma, Allah ya jiƙanta, har yabonsa take, wai wannan yaron akwai tsoron Allah. Da ya fara aiki abun sai ya koma kan lissafi, takarda ɗaya sai ya duba sau goma sha, ya tura saƙo ya dawo yana karantawa har tsakar dare ko ya sa sifili ɗaya da ba daidai ba, akwai ranar da ya kai unguwar Madina ta Accra cikin wannan cunkoson na yamma ya juya mota ya koma ofis don kawai ya taɓa ƙofa ya ji a kulle take, alhali ya san ya kulle, shi da bakinsa ya ce min "Yaya na san na kulle, amma zuciyata bata yarda ba." A wajen aiki kuwa ƙarin girma suke masa, tunda ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Wa zai ce mutumin da ake yabo baida lafiya?

Barci ne ya fara gudunsa. Wani abokin aiki ya bashi baliyam (Valium, ƙwayar sa barci), ya sha ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. Daga baya ciwon baya ya sa aka rubuta masa tramol, sai ya lura in ya sha kansa na yin shiru na ɗan lokaci, wannan muryar mai cewa koma ka duba tana lafawa. Shikenan. Wanda hukumar magunguna ta Ghana ta amince da shi mai miligiram 50 ne da mai 100, shi kuwa kafin shekara biyu ya kai mai 225 ɗin nan da ake shigowa da shi ta bayan fage, kuma shi ba ya zuwa lungu, aike yake a kawo masa, kuɗin ba komai bane a wajensa. Da safe tramol da dare baliyam, kuma duk wata kuɗin makarantar yaran gida na shigowa ta momo, wato kuɗin waya, ba fashi, to waye cikinmu zai yi tambaya, ni kaina ban yi ba, kunyar wannan har yau tana tare dani.

Ranar da ya faɗi yana jijjiga kaman mai farfaɗiya, abu na farko da dangi suka ce shine an masa sammu saboda kujerarsa. Wata uku muna yawo, ruƙiya, rubutu, hayaƙi. Ni bana raina addu'a, har gobe muna yi, amma sai da matarsa ta tsinci kwalayen a ƙarƙashin kujerar mota sannan muka san inda aka dosa. Muka dawo da shi Kumasi muka kai shi Gee, wato asibitin Komfo Anokye, ɓangaren masu taɓin hankali, kuma sai da aka kai ruwa rana kafin ya yarda ya shiga, wai kar wani ɗan unguwa ya ganshi.

A nan na fara jin sunan OCD, wato cutar waswasi. Likitan ya ce cuta ce sananniya, kusan mutum 2 cikin 100 na samunta a rayuwa, kuma galibi tun ƙuruciya ko samartaka take farawa. Yadda take aiki: tunani ya faɗo maka wanda baka so, hankali ya tashi, kayi wani abu kaman wanki ko dubawa ko ƙirga don ka samu sauƙi, sauƙin ya zo na minti kaɗan, sai ƙwaƙwalwa ta koyi cewa dubawar ce ta cece ka, gobe ta nemi biyu. Ƙwayar ma haka take yi. Shi yasa in aka raba mutum da ƙwaya aka bar masa waswasin, komawa zai yi. Ya kuma ja mana kunne kan abu biyu, ba a yanke baliyam rana ɗaya ga wanda ya daɗe a kai don zai iya jawo jijjiga, a hankali ake ragewa, sannan magungunan waswasi irinsu fluoxetine da sertraline haɗa su da tramol haɗari ne, dole mara lafiya ya faɗawa likita gaskiyar abinda yake sha. Kuma maganin baya aiki yau-yau, sai an yi sati 8 zuwa 12. Ga horon da ake masa, ya kulle ƙofa sau ɗaya ya tafi, ya zauna da tashin hankalin har ya sauka da kansa.

Abinda ya ban mamaki, wannan horon ai mun karanta shi a makarantar allo bamu gane ba. A Ahalari an ce mai waswasi ya bar waswasin daga zuciyarsa, kar ya kawo abinda yake shakka a kai, ya yi sujada bayan sallama kawai. Ga hadisin wanda yake jin kaman alwalarsa ta karye cikin salla, aka ce kar ya fita sai ya ji ƙara ko wari. To me yasa malamanmu in sun ga yaro na ƙarar da buta uku basa gaya masa wannan, sai dai a ce masha Allah?

Roƙona ga limamai da sarakunan Zango, in za a yi wa'azin ƙwaya a daina nuna yaran waje da yatsa kawai, a sahun gaba ma akwai masu ita, harda ma'aikatan asibiti da maganin ke gabansu kullum. Tsoron rasa aiki da tsoron bakin mutane ne ke rufe musu baki. A gaya musu tun 2012 akwai dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a ƙasar nan, kuma akwai asibitocin ƙwaƙwalwa, na Accra ga Pantang ga na Adabraka, na Cape Coast ga Ankaful. Kai kuma Malam Edita, ku nemo likitan ƙwaƙwalwa da malamin fiƙihu ku zaunar dasu a shafi ɗaya su yi mana bayanin waswasi da Hausa.

Ƙanina ya koma aiki, a ƙaramin waje dai, albashi bai kai na da ba. Sau ɗaya ya zame ya koma sha, muka sake komawa Gee. Jumma'ar da ta wuce tare muka yi alwala a tsakar gida, na lura ya tsaya yana kallon ƙafarsa ta hagu, hannunsa na kan buta, can dai ya ajiye ya sa takalmi muka tafi masallaci.

Naku,
Wani mai karatunku daga Aboabo, Kumasi