Wasiƙa zuwa ga ɗana kan ziyarar marasa lafiya da masu makoki

Ɗana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kiristi, da fatan kai da iyalinka kuna lafiya. Saƙonka ya iso, na ji cewa ikkilisiya ta ɗora maka ziyarar marasa lafiya da masu makoki, kana kuma tambayata abin da ya kamata ka riƙa faɗa musu. Ni ma da wannan tambaya na fara hidima, kuma sai da na yi shekaru kafin na gane cewa zama ya fi magana wuya a wannan aiki.

Ka sake karanta Ayuba sura 2. Abokan Ayuba, Elifaz da Bildad da Zofar, sun zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai, dare da rana, babu wanda ya ce uffan, domin sun ga girman baƙin cikinsa. A ganina kwanakin nan bakwai su ne hidima mafi kyau da suka yi masa. Da suka buɗe baki suka shiga nemo masa laifin da ya jawo masifar, sai suka zama ƙarin ciwo, har a sura 42 Ubangiji ya yi fushi da su saboda ba su faɗi gaskiya game da Allah ba. Almajirai ma sun bi wannan hanya a Yohanna sura 9, da suka tambaya ko zunubin makahon ne ko na iyayensa ya sa aka haife shi haka, Yesu kuwa ya ƙi duka biyun. Saboda haka kada ka shiga ɗakin mai ciwo da niyyar bayyana masa dalilin ciwonsa, domin ba a nuna maka ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ina sabon fasto na je asibiti wurin wata mata da ɗanta ke kwance rai a hannun Allah. Tausayi ya kama ni, ga kuma son in nuna bangaskiya, sai na ce mata ta kwantar da hankalinta, yaron zai tashi. Bayan kwana uku ya rasu. Da na je ta'aziyya ta dube ni ta ce, "Fasto, ko bangaskiyata ce ta kasa?" Na ɗora mata nauyi a kan nauyi, kuma ta daɗe ba ta taka ƙofar majami'a ba. Ka yi addu'ar warkarwa da dukan zuciyarka, ka kira dattawa su shafa mai kamar yadda Yakubu 5:14 ta umarta, amma kada ka yi alkawari da sunan Allah a kan abin da bai alkawarta ba. Bulus kansa sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alheri isasshe, ƙayar kuwa tana nan.

Kada kuma ka hana mutane kuka. Yesu ya san zai ta da Li'azaru, duk da haka ya yi hawaye a Betanya, bai kuma tsawata wa Marta da Maryamu ba da suka ce da yana nan da ɗan'uwansu bai mutu ba. Abin da 1 Tassalunikawa 4:13 ta hana shi ne baƙin ciki irin na marasa bege. In wani ya ce maka Allah ya yashe shi, kada ka yi gaggawar gyara masa tauhidi. Ka buɗe masa Zabura 88, wadda ta ƙare cikin duhu, ya ga cewa irin kukansa yana da wuri a Littafi Mai Tsarki.

Ka girmama likitoci, kada ka taɓa sa wani ya bar magani don ya nuna bangaskiya. Cicely Saunders, Kirista ce da ta yi aikin jinya kafin ta zama likita, ta buɗe gidan kula da masu ciwon ajali na St Christopher a Landan a 1967, kuma ta koyar da cewa zafin mai mutuwa ya haɗa da na jiki, da na zuciya, da damuwar iyali, da na ruhu. Rabonka a cikin waɗannan ɗaya ne, wato na ruhu, sauran na wasu ne. Idan ka ji mai makoki yana maganar kashe kansa, ka yi addu'a da shi, ka kuma kai shi wurin likita a ranar.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su mutane ke tunawa. Ka zauna, kada ka tsaya a kan majinyaci kamar mai shirin tafiya. Ka gajarta ziyara da addu'a idan ya gaji. Ka tambayi mai jinyarsa ko ta samu barci, domin kowa ya zo mara lafiya yake tambaya. Abin da aka gaya maka a gefen gado kada ya fito a wa'azi, ko da ka ɓoye suna, don jama'a suna ganewa. Ka rubuta ranar rasuwa a littafinka, ka koma bayan wata biyu lokacin da masu gaisuwa sun watse, ka sake komawa in shekara ta zagayo, kuma ka ambaci sunan mamacin ba tare da tsoro ba, domin iyalinsa suna marmarin jin sa a bakin wani.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce in tuna maka ka riƙa hutawa bayan jana'iza, kada ka wuce kai tsaye zuwa wani aiki yadda nake yi a da. In ka yi ziyararka ta farko, ka rubuto mini yadda ta kasance.

Ni ne,
Mahaifinka