Baffana Yana So In Bar Karatun Likita Saboda Araha

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Hajiya. Ina yi miki fatan alheri tare da addu'ar Allah Ya saka miki bisa shawarwarin da kike bai wa masu sauraro a wannan shiri. Ina rubuto wannan wasiƙa ne cikin ɓacin rai, domin a daren jiya baffana ya tara 'yan uwa a ɗakin mahaifiyata ya ce ya yanke hukunci a kan karatuna, kuma wanda bai yarda ba ya nemi wani uban.

Ni ɗalibar likitanci ce, ko kuwa in ce na kasance ɗaliba, domin ina aji uku a wata jami'a a birnin Khartoum lokacin da yaƙin Sudan ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilun 2023. An kwaso mu a motocin bas zuwa iyakar Masar, muka yi kwanaki a cikin rairayi muna jiran izinin shiga, daga baya jirgi ya ɗauko mu daga Aswan zuwa Abuja a watan Mayu. Na baro littattafaina da farar rigata ta asibiti a ɗakin kwanan ɗalibai, na taho da fasfo da waya kawai. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, shi ne ya kai ni can a lokacin dogon yajin aikin malaman jami'a na shekarar 2020, bayan na ci jarrabawar JAMB da maki mai kyau amma aka ba ni wani kwas da ban nema ba. Ya zaɓi Sudan ne saboda kuɗinta da sauƙi kuma hankalinsa ya kwanta da tarbiyyar ƙasar, don haka ba gaskiya ba ne abin da baffa yake yaɗawa cewa son ƙasar waje ne ya kai ni.

Bayan dawowata ne mahaifina ya rasu, kuma tun daga lokacin gidan haya da gonar da ya bari suke hannun baffa, ba a raba gado ba har yau. Na daɗe ina fafutukar karɓo takardar sakamakon darussan da na yi, kuma da na samu sai na nemi gurbi a wata jami'ar gwamnati a Masar, suka karɓe ni bisa sharaɗin in koma baya da shekara guda. Ba zan ɓoye miki ba, abin yana da tsada. Da dala ake biyan kuɗin makaranta, ita kuwa dalar da gwamnati take sayarwa a kan kusan naira 460 kafin watan Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Ga kuɗin haya wanda abokan karatuna da suka riga ni zuwa suka ce ya tashi sosai tun da 'yan Sudan suka kwarara zuwa Alƙahira, ga takardar izinin zama, ga abinci. Tsarinsu kuma shekara biyar ne a aji da shekara biyu ta horo a asibiti. Duk na zauna na rubuta wannan lissafi a takarda na kai wa baffa da hannuna, ban rage ko sisi ba don in yaudare shi.

Shi kuma sai ya zo da wani dillalin makarantu, abokin kasuwancinsa, wanda ya baza mana takardu masu ƙyalƙyali a kan tabarma na wata makaranta a Kwatano, Jamhuriyar Benin. Ya ce in bar likitanci in koma kwas ɗin kiwon lafiyar al'umma, za a lissafa mini shekarun da na yi a Sudan, a biya da naira, in gama cikin ɗan lokaci, kuma ba sai na zauna can kullum ba. Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta tayar mini da hankali. Na tuna wa baffa cewa a watan Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya samo digiri cikin makonni shida, kuma a watan Agustan shekarar Ministan Ilimi ya ce jami'o'i takwas kaɗai aka amince da su a ƙasashen biyu. Na tambayi dillalin ko makarantarsa tana cikinsu, sai ya yi dariya ya ce wannan duk magana ce ta siyasa. Idan Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙi tantance takardar, ba zan yi bautar ƙasa ba, ba zan samu aikin gwamnati ba, to me aka saya ke nan? Da na ce masa araha ba ta ado, sai baffa ya ce da babu gara ba daɗi, kuma wai duk tsayin karatun 'ya mace a ɗakin miji zai ƙare. Mutumin da 'ya'yansa maza biyu suke jami'a mai zaman kanta a nan gida shi ne yake faɗa mini haka, kuma zuciyata ba ta daina raya mini cewa yana da kaso a wurin dillalin ba.

Na san ko na gama a Masar sai na dawo na zauna jarrabawar MDCN, hukumar da ke kula da aikin likitoci a Najeriya, kafin a ba ni lasisin aiki, na kuma san akwai waɗanda suke faɗuwa. Amma aƙalla hanya ce sananniya wadda wasu suka bi suka zama likitoci. Kawuna na wajen uwa ya ce in nemi komawa wata jami'a a nan Najeriya, sai dai waɗanda na tuntuɓa sun nuna mini cewa gurbin likitanci ƙayyadadde ne, mai yiwuwa in faro daga ƙasa, na kuɗi kuwa ba su da arahar da ake zato. Akwai kuma maganar wani da yake nemana da aure, wanda baffa yake goyon baya, amma wannan ba ita ce a gabana ba yanzu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne shirun mahaifiyata. Tana zaune tana jan carbi har aka watse ba ta ce uffan ba, sai da asuba ta shigo ta ce in yi haƙuri, kada in jawo a ce ta kasa tarbiyyar marainiya. Ina da ƙanne da su ma suke makaranta, ban manta da su ba, kuma ban taɓa cewa a taɓa rabonsu ba.

Hajiya, ina roƙon ki duba mini: shin son zuciya ne in nemi a fitar mini da rabona na gado a sayar domin in ƙarasa karatun da mahaifina ya ɗora ni a kai, alhali ban da tabbacin kuɗin zai kai ni ƙarshe idan dala ta sake tashi? Idan kuma baffa ya ƙi, wa zan kai wa ƙara wanda ba zai raba zumuncinmu ba, limamin unguwa ko kotun shari'a? An ba ni wa'adin biyan kason farko na kuɗin makarantar Masar, kuma ya kusa cika. Don Allah a sakaya sunana.

Wassalam, taki 'yarki daga Kano.