Ga amsar tambayarka kan Heptones

Assalamu alaikum ƙanena,

Ranar Asabar ka bugo waya cikin shirinmu, duniya tana ji, ka ce me ya sa ba na gajiya da sa faifan Heptones alhali ga Bob Marley nan, wanda kowa ya sani. Lokaci ya ƙure ban amsa maka ba, abin kuma ya tsaya mini a rai.

Su uku ne: Leroy Sibbles, Earl Morgan da Barry Llewellyn, samarin Kingston a Jamaika. Sun haɗu a 1965, dab da lokacin da kiɗan ska mai gudu ya lafa ya koma rocksteady. Lafawar nan ce ta ba murya fili. A wurinmu ɗan amshi yakan jira uban waƙa ya dire sannan ya karɓa. Su kuwa tare suke ɗauka, ɗaya sama, ɗaya tsakiya, ɗaya ƙasa, kamar igiya mai tufka uku. In ka rufe ido da wuya ka ware muryar wannan daga ta wancan. Na sha mayar da allura baya a kan baiti ɗaya don in ji inda muryar Morgan take shigowa ta ƙarƙashi, kuma har yau tsigar jikina tana tashi.

Amma abin da ya fi ɗaure ni da su shi ne hannun Sibbles. A ɗakin ɗaukar waƙa na Studio One, na Clement Dodd, da ke titin da a lokacin ake kira Brentford, aikinsa bai tsaya ga rera waƙa ba. Shi ne mai kaɗa jitar bes, yana kuma tsara wa wasu mawaƙa muryoyi. Bes ɗin da ke cikin "Satta Massagana" ta Abyssinians nasa ne. Haka na "Full Up", kiɗan da Mighty Diamonds suka ɗora wa waƙa daga baya, sannan yaran Musical Youth na Birmingham suka mayar da shi "Pass the Dutchie", ta hau matsayi na ɗaya a Ingila a 1982. Mutane nawa suka taka rawa da ita ba su taɓa jin sunan Sibbles ba? Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Bayan Heptones sun bar Studio One sun yi "Book of Rules" a 1973, Llewellyn ne ya ja ta, sai faifan Party Time tare da mai shirya waƙoƙi Lee Perry a 1977. Daga nan Sibbles ya fita, Naggo Morris ya maye gurbinsa. Llewellyn ya rasu a 2011.

Ban rage wa Marley komai ba, shi ma ai ya yi waƙar mutum uku a farkon tashensa, shi da Peter Tosh da Bunny Wailer, a wannan ɗaki na Dodd.

Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan jera maka "Full Up" da "Pass the Dutchie" baya da baya. Ka kasa kunne ga bes ɗin kawai, sai ka sake bugo mini.

Naka yayanka,
mai gabatar da shirin