Zuwa ga abokan cinikinmu, kan ayyukan da suka makara

Assalamu alaikum, iyayenmu, 'yan'uwa da abokan arziki.

Mun san da yawa daga cikinku kun zo shagonmu na buga takardu karɓar aiki a makon jiya kun koma hannu rabbana. Muna ba ku haƙuri, kuma muna so ku ji yadda abin ya faru daga bakinmu, domin mun fara jin ana cewa wai mun yi sakaci. Maganar nan ta yi mana zafi.

Mai ginin da muke haya ne ya turo a sauya kwanon rufi, ba tare da ya sanar da mu ba. Wata da watanni muna roƙonsa ya gyara, bai tashi ba sai ranar da hadari ya haɗu. An cire kwano, ruwa ya sauko. Bai taɓa injin ba, alhamdu lillahi, amma takardunmu sun sha laima. Wanda bai san aikin ba zai ce ai takarda takarda ce. Ba haka ba ne. Injin buga takardu yana gasa tona, wato garin tawada, a jikin takarda da zafin da ya kusa digiri 200, takarda mai laima kuwa da ta ji wannan zafi sai ta lanƙwashe ta maƙale. Rim ɗaya takarda 500 ne, kuma kusan duk wanda muka buɗe haka yake.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Wanda ke kawo mana kaya ya aiko da tonar da ba ta injinmu ba, ya kuma kashe wayarsa kwana biyu. Injin kansa ya fara tsayawa. Muka kira mai gyara, yana shigowa injin ya kama aiki lafiya lau, ya buga shafi 50 a gabansa ko tari bai yi ba. Mai gyara ya hau babur, bai kai kwanar titi ba injin ya sake tsayawa. Sau biyu ana haka. Ranar da muka cika janareta da mai, a daidai lokacin aka kawo wuta. Ranar da muka dogara da wuta, aka ɗauke.

Malaminmu da ke kawo takardun jarrabawa tun muna da inji ɗaya tak ya yi dariya har da hawaye. Ya ce wannan ita ce dokar Murphy, wani injiniya a Amurka da ake jingina wa maganar tun 1949, cewa abin da zai iya lalacewa sai ya lalace. Mu tsautsayi muka san shi da shi. Mun taya shi dariya, don abin da dariya, amma da ya fita gabanmu ya ci gaba da faɗuwa. Rana ba ta ƙarya, kuma mu ne muka sa muku ranar.

Muna ɗaukar matakai, kuma muna magana da waɗanda abin ya shafa. Da yardar Allah komai zai daidaita nan ba da jimawa ba.

Malam, mun gode da haƙurinka. Hajiya da muka buga wa takardun makarantar 'ya'yanta, yau ga jikoki na zuwa, Allah ya saka da alheri. Waɗanda suka kai aikinsu wani wuri ba mu ga laifinku ba, sai dai muna roƙo ku tuna shekarun da ba mu taɓa saɓa muku alkawari ba.

Wanda aikinsa ke hannunmu ya leƙo da safe, za mu duba tare.

Naku,
Mai shago da yaransa