Yadda za ki buɗe bakin ɗalibanki da Turanci

Assalamu alaikum 'yata,

Da fatan kina lafiya, ya aiki? Kin ce ɗalibanki na sakandare suna cin jarrabawar nahawu, amma da an ce su yi magana da Turanci sai baki ya mutu.

Fara da lissafi. Darasi minti 40, ɗalibai 40: ko da ke ba ki ce uffan ba, minti ɗai-ɗai za su samu in bi da bi suke magana. In kin haɗa su bibbiyu kuwa, rabin aji ne ke magana a lokaci guda. Hayaniya za ta tashi, kada ta dame ki.

Sai dai in kika ce "ku tattauna" kawai, nan take za su koma harshen gida, don ba abin da ya tilasta musu. Ki ba kowane biyu hotuna masu kama da juna amma da bambanci shida, kowa ya ɓoye nasa, su gano bambancin ta tambaya da amsa. Kafin nan ki rubuta jimloli huɗu da za su buƙata a allo, ki gwada da ɗalibi guda a gaban aji, ki yanka musu minti biyar.

Don sakin harshe, ɗalibi ya ba da labari ɗaya sau uku ga abokai daban-daban: minti huɗu, sai uku, sai biyu. Zuwa zagaye na uku in'ina ta ragu, tunda ya daina laluben kalmomi.

Wajen gyara malamai suka fi ɓata aiki. Wanda aka katse a tsakiyar jimla ba ya sake ɗaga hannu. Ki zagaya da takarda kina rubuta kurakurai, a minti biyar na ƙarshe ki ɗora uku a allo ba tare da sunan kowa ba, aji ya gyara. In kin yi tambaya kuma, ƙirga biyar a zuci kafin ki kira wani.

Furuci minti biyar ya ishe shi kullum. Turanci na da harafi 26 amma sautukansa sun kai wajen 44, shi ya sa rubutu ke yaudararsu. Ɗauki sauti biyu a rana, kamar na "pan" da "fan": na farko leɓe biyu ke haɗuwa, na biyu haƙoran sama ke taɓa leɓen ƙasa. Su fara bambancewa da kunne tukuna, sannan su furta.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki