Gaggawar saye na cinye aljihu

Ya Edita,

Ka ba ni fili in yi tsokaci kan ɗabi'ar da ke tsiyayar da kuɗin mutane a ɓoye: mutum ya ga abin da bai fito dominsa ba, ransa ya biya, ya zaro kuɗi nan take.

Tsakanin sha'awa da biyan kuɗi akwai ɗan lokacin da hankali ke dawowa, kuma masu sayarwa sun daɗe suna ƙoƙarin gajarta shi. Shi ya sa manyan kantuna ke jera ƙananan kaya daf da wurin biya, inda mai saye ke tsaye a layi ya gaji. A intanet abin ya fi tsanani. A 1999 kamfanin Amazon ya samu haƙƙin mallakar dabarar saye da dannawa ɗaya, haƙƙin da wa'adinsa ya ƙare a 2017. Ga agogon da ke ƙirga mintocin ƙarewar rangwame, ga rubutun "saura uku kacal", ga tsohon farashi da aka ja wa layi don sabon ya yi kama da araha. Wanda ya fi damuna shi ne tsarin biya kashi huɗu, domin yana sa ido ya kalli rubu'in kuɗin ya manta da sauran.

Maganin shi ne mutum ya dawo da jinkirin da kansa. A goge lambar katin banki daga manhajojin saye, yadda sai an tashi an ɗauko katin. A kashe sanarwar talla a waya. Abin da ya shiga rai a rubuta shi da kwanan wata, a jira awa 24 idan ƙarami ne, kwana 30 idan babba ne. Da yawa sha'awarsu kan mutu kafin wa'adin. Abin da ya tsallake wa'adin, a raba farashinsa da abin da ake samu a awa ɗaya ta aiki, sannan a tambayi kai sau nawa za a yi amfani da shi. Takalmin da za a sa sau 200 ya fi araha a kan mai rabin kuɗinsa da za a sa sau 5. Rangwamen kashi 50 cikin 100 a kan abin da ba a buƙata kuwa, kashe kuɗi ne.

Inda masu son rage kaya ke tuntuɓe shi ne zafin farko. Sai su kwashe rabin gida su rabar a rana ɗaya, bayan wata biyu su koma sayen abin da suka bayar. Wasu kuma su sayo akwatuna da kwanduna na adana tarkace, kaya sun ƙaru ke nan. Ya fi kyau a bi a hankali, durowa ɗaya a mako, kuma sabuwar riga ba ta shiga sai tsohuwa ta fita.

Naka,
Wani mai karatu